Inna Ɓari da Kofin Shayinta

A gabanta Inna muke ce mata. In ta juya baya kuwa Inna Ɓari, kuma ba zan yi ƙarya ba, ni ma ina cikin masu faɗa, har kwaikwayon tafiyarta nake yi. Ita ce mai kula da ɗakunan kwananmu a makarantar 'yan mata da na yi sakandare. Gajeruwa ce mai jiki, da tarin makullai ɗaure a gefen zani. Tun daga nesa in kika ji caras-caras, to ki ɓoye abin ɓoyewa.

Ɗakinta yana bakin ƙofar shiga, ba mai wucewa ba ta gani ba. Gado ɗaya ne a ciki, da rediyo da aka ɗaure bayansa da roba, da keken ɗinki na hannu da take gyara mana yunifom in ya yage. Akwai kabad da ta cika da kayan da ta ƙwace, su madubi, jan baki, hitar dafa ruwa, wasiƙun samari. A jikin taga kuma ga ɗan teburi, kullum da kofin shayi a kai, kofin tasa da bakinsa ya goge. Shayin baƙi ne wuluk, ba madara, sukari cokali uku.

Allah sarki, waccan rayuwa. Tun duku-duku a kaɗa ƙararrawa, mu zubo waje da bokitai, kowace da sunanta rubuce da fenti a jiki. Famfo biyu ne ga mutum ɗari uku, ɗayan ma sai ya ga dama. Faɗan da na yi a layin famfon nan, da ana ba da shaidar kammalawa a kansa da na fito da sakamako mafi kyau. Cokalinki a aljihunki yake kwana, in kika ajiye shi a ɗakin cin abinci kin yi sadaka. Waken da ake dafa mana kuwa, sai mu tsince ƙwarin mu jera a gefen faranti, mu ce ai an ƙara mana nama.

Ranar Asabar ake duba tsabta. Inna za ta shigo ta shafa yatsa a saman taga ta duba, ta leƙa ƙarƙashin akwatunanmu na ƙarfe, sannan ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta fi tsana a duniya shi ne kusurwar zanin gado da ba ta kwanta ba. Ta kama gefe ta fizge ta zubar a ƙasa, ta wuce ko kallonki ba ta yi ba. Ni da ake ce wa Tsigi saboda ƙanƙanta, kuma a gadon sama nake, sau uku ta taɓa yi min haka a safiya ɗaya. Ranar na yi mata addu'o'in da ba zan maimaita ba.

Kowace ƙaramar ɗaliba tana da uwar ɗaki a cikin manya. Ki ɗebo mata ruwa, ki wanke mata safa, ita kuma ta tsaya miki in wata ta taɓa ki, ta sam miki sukari da madara in naki ya ƙare. Tawa uwar ɗakin ana ce mata Anti Kwalisa, don ko shara za ta yi sai ta goge yunifom. Tana sona tsakani da Allah, wannan ba zan taɓa musu ba. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta goya ni har ɗakin shan magani.

Da muka shiga aji huɗu sai maganar fom ta taso. A wannan fom ɗin ake zaɓen darussan da mutum zai karanta har ya rubuta su a jarrabawar fita. Abin da kika zaɓa shi ne ajinki, shi ne jarrabawarki, babu canji. Mataimakin shugabar makaranta, wanda muke kira Malam Jan Biro, shi ke riƙe da takardun, kowace da lambarta. Dokarsa a fili take. Da biro za a cike. Ba gogewa, ba sokewa. Wadda ta ɓata nata, shi zai zaɓa mata ajin da ya ga da sauran wuri. Ba ya ba da sabo sai in ma'aikaci ne ya lalata. Ana rabawa ranar Litinin, Inna ta tattara ranar Alhamis, ta kai ofis ranar Juma'a.

Iyayenmu suna nesa, ba waya a lokacin, wasiƙa kuma kafin ta je ta dawo an yi mako uku. Saboda haka tun kafin mu zo aka saba, uwar ɗaki ce ke riƙe biro. A saninmu ba malamin da ya san da wannan, mu ma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba.

Ni nas nake so in zama. Tun ina 'yar shekara bakwai kwalba ta yanke ni a ƙafa, wata mata mai fararen kaya ta ɗinke min tana ba ni labari har ban san an gama ba. Daga ranar na sa abin a raina. Na kuma ji malamin bayoloji ya ce makarantar koyon jinya ba ta ɗaukar wanda ba shi da kemistiri.

Ranar Talata bayan abincin rana Anti Kwalisa ta kira ni gadonta, ta ɗora fom ɗina a kan littafi.

Na ce, "Anti, ina so a sa min kemistiri."

Ta dube ni ta yi dariya. "Tsigi, ke da wa? Bara mutum arba'in suka rubuta, shida suka ci. So kike ki fita da jar takarda a ce 'yar ɗakina ce? Bar ni in zaɓa miki abin da za ki ci."

Ta zana tarihi, ta zana labarin ƙasa, da adabi, da kasuwanci, rubutunta mai kyau kamar na ɗab'i. Ta miƙo min biro na sa hannu. Ni mai bakin faɗa a layin famfo, sai ga shi na karɓi takardar na tashi. Ya zan yi musu da wadda ta goya ni? Na je bayan igiyoyin shanya na shige tsakanin zannuwan gado masu ɗiga na yi kukana na ƙoshi. Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ranar Alhamis da la'asar muka yi layi a ƙofar Inna. Ba ta karɓa a dunƙule, ɗaya bayan ɗaya take yi, shi ya sa layin ba ya tafiya, mu yi ta tsaki. Da aka zo kaina ta sa tabarau, ta duba takardar, ta dube ni.

"Ke kika cike?"

"Ni ce, Inna."

"Yaushe rubutunki ya yi kyau haka? In kin gama me za ki zama?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Nas."

Ta ƙara kallon takardar. Ta ce, "Hmm. Maɓallin rigarki ya cire, ki kawo gobe in ɗinka. Ta gaba."

Da safiyar Juma'a muna shirin tafiya aji sai muka ji ƙarar kofi a siminti, Inna tana salati. Nan take 'yan aji shida suka fara ƙunshe dariya, wata ta ce, "To, ta sake." Ashe duk shekara sai ta yi. Ta fito riƙe da takardu huɗu suna ɗigar baƙin shayi, tawadar ta narke ta zama shuɗin kwaɓi. Ta kira sunaye huɗu, har da nawa, ta ce mu biyo ta ofis.

Abin da Malam Jan Biro ya yi mata a gabanmu har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mace ta kusa haifarsa, amma ya miƙe tsaye yana nuna ta da biro.

"Baba, shekara nawa muna wannan magana? Kofi ɗaya ya gagare ki riƙewa? In aikin ya fi ƙarfinki ai akwai masu nema. Wannan ce takardar gargaɗi ta uku da zan sa a fayil ɗinki."

Inna ta harɗe hannuwa a gaba, idonta a ƙasa. Ta ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Hannu ne."

Ni kuwa, Allah ya yafe min, ina bayanta ina danne dariya da gefen ɗankwali.

Ya jawo sababbin takardu huɗu ya ce a nan gabansa za mu cike, kada a sake kai su kusa da shayi. Aka zaunar da mu a benci, kowace da biro a hannunta, ba uwar ɗaki ko ɗaya a wurin. Na rubuta kemistiri da rubutuna mai kama da tafiyar kaza, na ƙara fiziks da bayoloji. Na fito ina cewa a raina, kai, na yi sa'a, sakarcin tsohuwa ya yi min rana. Anti Kwalisa ta yi kwana uku ba ta yi min magana ba, sannan ta huce. Kemistiri kuma ya ba ni wuya kamar yadda ta faɗa, sai da na rame.

Sai da na kai aji shida na gane. Ni ma na zama uwar ɗaki, ina da wata yarinya shiru-shiru mai ƙoƙari, Auta muke ce mata. Da fom ya zo na kira ta gadona, na ɗora takardar a kan littafi. Ta ce a hankali, "Anti, ni lauya nake so." Na ce, "Da wannan ƙwaƙwalwar taki? Asara kenan. Kimiyya za ki yi." Na zana mata kemistiri da fiziks, ina jin na yi mata gata. Ko kaɗan ban tuna da igiyar shanya ba.

Da safiyar Juma'a kofi ya faɗi. Takardu uku suka jiƙe a shekarar, ta Auta ce a sama.

Ina tsaye riƙe da tsintsiya sai na gane. Takardu sun fi sittin a kan teburin nan, amma shayin bai taɓa kuskuren wadda zai jiƙa ba. Lallai ruwa ba ya tsami banza. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Da yamma na je ƙofarta na yi sallama, na ce, "Inna, dama da gangan kike yi?"

Ko ɗagowa ba ta yi daga keken ɗinki ba. "Hannuna ne ba ƙarfi. Fita min, takalminki duk laka."

Na fita, na gama makaranta, na tafi ban ƙara ce mata komai ba. Ko na gode ban ce ba.

Shekara ashirin da shida bayan nan ina babbar nas a ɗakin mata na wani asibiti. Wata safiya na shigo zagaye sai na ji murya daga gado na bakwai tana yi wa wata ɗalibar jinya faɗa: "Wa ya koya miki gyaran gado? Dubi kusurwar nan, ba ta kwanta ba." Na tsaya cak. Ta tsufa ta ƙanƙance, ba makullai, ba jikin nan. 'Yar ƙanwarta ce ta kawo ta, ciwon rawar jiki ya kama ta.

Na durƙusa a gefen gadon na gaishe ta, na ce, "Inna, ba ki gane ni ba."

Ta daɗe tana kallona, ta kalli fararen kayana tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Tsigi. Har yanzu ba ki ƙara tsawo ba."

A kwanakin da ta yi a wurinmu ne ta gaya min. Ita ma makarantarmu ta yi, a ɗakin da na kwana ma. Ungozomar asibiti ta so zama. Uwar ɗakinta, mai sonta ƙwarai, ta zaɓa mata abin da za ta ci, ta kuwa ci duka. Ta je makarantar ungozoma da takardarta cikin leda, mutumin da ke tantancewa ya duba ya miƙo mata ya ce babu kemistiri. Ko kujera ba a ba ta ba. Na tambaye ta me ya hana ta gaya wa Malam Jan Biro gaskiya. Ta ce ta taɓa gwadawa tun farkon zuwansa, ya ce doka doka ce, har ya nemi sunayen manyan da suka cike don a kore su. "To in ceci ɗaya in kashe ɗaya? Ai gara a ce Inna ce sakarai." Takardun gargaɗi goma sha ɗaya ta tara kafin ta yi ritaya, kuma ba a taɓa yi mata ƙarin girma ba.

Washegari na zo mata da shayi daga gida a filas, baƙi wuluk, sukari cokali uku, duk da likita ya ce a rage. Na zuba a kofi na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga, kafin ya kai bakinta hannun ya kaɗa, shayin ya malale a farin zanin gado, ya ɓata min gaban riga.

Ta dubi zanin, ta dubi hannunta da ya ƙi tsayawa. Ta ce, "Na yau dai ba da gangan ba ne, Tsigi."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ni. Na juya na canza zanin, na kwantar da kusurwoyin huɗu tana bina da ido, ba ta sami abin fizgewa ba. Sannan na sake cika kofin, na zauna a bakin gadon na riƙe mata shi har ta shanye.