Kwalbar da Malam Sanda Ya Bar Mini

Ranar Talata da safe ina tsaye a kicin, na buɗe gwangwanin wake rabi, waya ta yi ƙara. Ƙanin matar abokina ne. Ya ce Malam Sanda ya cika da asuba, za a kai shi bayan azahar. Na yi masa ta'aziyya, na ajiye wayar, na tsaya ina kallon gwangwanin. Na kasa ƙarasa buɗe shi, na kasa jefar da shi.

Shekarun nan mun gaji da irin wannan kira. Mun zo garin Greensboro, nan ƙetaren teku, da ƙuruciyarmu, kowa na cewa shekara biyar zai yi ya koma. Ga shi yanzu mun san hanyar maƙabarta ba sai waya ta nuna mana ba.

A tashar bas ta cikin gari na san shi, fiye da shekara ashirin da suka wuce. Ina aiki a wani laburare kusa da titin Elm, ba ni da mota. Na shiga bas ina yi wa ƙanena faɗa ta waya da Hausa, da na gama sai direban ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Sannu da faɗa." Shi ne Malam Sanda, Musulmi, ɗan manomi daga wani ƙauye a ƙasar Maraɗi. Ni kuwa Kirista ne, ɗan malamin makaranta, haifaffen Jos, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba sai in an ba shi horo a makaranta. Daga ranar ya sa mini suna Farfesa, saboda littafin da ya gani a hammatata. Ban taɓa zama farfesa ba. Shi ma ya sani.

Abotarmu ta karyawar Asabar ce. A gidansa, matarsa Hajiya Ramatu takan soya ƙosai ta dama koko. Ranar da ya fara zuwa nawa gidan, na gasa burodi na zuba masa waken gwangwani a kai, mai romon tumatir da sukari, ɗabi'ar da na kwaso ina ɗalibi a Ingila.

Ya daɗe yana kallon farantin. "Farfesa, mene ne wannan?"

"Wake ne."

"Wa ya ce?"

"A jikin gwangwanin aka rubuta."

Ya ɗanɗana, ya tauna a hankali. "To, wake ne. Amma ya daɗe da ajiye aiki."

Ya cinye tas, ya goge farantin da ɓawon burodi, don shi ba ya rage abincin da aka ba shi. Sai dai ya nemi ruwa sau biyu.

Ni kuma, kamar kowane mai karatu da ya samu mai haƙuri, na riƙa yi masa lacca. Na gaya masa Misirawa da Sudanawa da dafaffen wake da mai suke karyawa, mutanen Gana da wake da shinkafa, mutanen Meziko da markaɗaɗɗen wake da ƙwai. Ya bar ni in gama, sannan in gano duk ya ci su, daga kular abokan aikinsa a tasha. Abin da na karanta, shi ya riga ya haɗiye. Yakan ce, "Ko'ina ka ga mutum ya karya da wake, ba shi da niyyar zama kafin la'asar." Sau ɗaya kawai na ba shi labarin da ya taɓa shi. Na ce masa waken da baƙaƙen fatan kudancin ƙasar nan ke dafawa ranar sabuwar shekara namu ne, tare da bayi ya haye teku. Ya juya kofinsa ya ce, "Ashe ya riga mu zuwa. Shi ma bai koma ba."

Ba mai yawan nasiha ba ne. Shekarar da mahaifiyata ta rasu a Jos na kasa zuwa, wata biyu yana zuwa mini kowace Asabar da ƙosai mai zafi a takarda. Ya zauna, mu ci, ya tashi. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba bayan ranar farko.

A Summerfield, can bayan gari, ya kama haya, nesa da aiki, don kawai gidan na da fili a baya. Tsakanin gonakin masu dawaki, Malam Sanda na noman waken mahaifiyarsa, fari mai jan ido, wanda ta ƙulle masa a tsumma ranar da zai taso. Duk shekara ya shuka, ya yi roro, ya ware mafi kyau don baɗi, sauran ya raba a leda: na mutanen masallaci, na mutanen coci, nawa.

Bara ciwon ƙodar da ke damunsa ya tsananta. Likita ya rage masa wake, Malam ya ce wannan ya fi masa allura ciwo. Da kaka suka bar gidan suka koma wani bene kusa da asibiti. Ranar da suka tashi ya miƙo mini wata kwalba cike da wake cakuɗe da toka, ya ce, "Kai kana da bayan gida. Wannan na wurinka ne yanzu."

Duk wanda ya tashi a gona ya san abin da ake nufi da zaɓaɓɓen wake cikin toka, a rufe gam. Ni na ɗauka rabona ne na bana. Wata Asabar cikin sanyi na kwashe shi da hannu, ina ta mitar tokar, na wanke sau uku, na dafa da albasa da manja. Ban taɓa cin wake mai daɗinsa ba. Har na kira shi in yi godiya.

"Malam, waken nan ba dama. Yau na yarda da kai."

Can ya ce, "Na kwalbar?"

"Shi."

"Duka?"

"Duka. Har da ɗumame gobe."

Sannan ya ce, "To, madalla. Ya yi laushi dai ko?"

Bayan wannan na ziyarce shi ya fi sau goma. Mun yi hirar sanyi, mun yi ta siyasar gida, mun yi ta gwiwata. Bai ƙara ambaton kwalbar ba.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, Hajiya Ramatu ta ce mini, "Malam Bitrus, in ƙasa ta yi ɗumi ka kira ni in nuna maka yadda yake shukawa. Ya ce irin na wurinka."

A nan na gane. Na yi tunanin in ce to, in sayo wake a kanti in shuka, wa zai sani? Ita za ta sani, daga furen farko. Na sunkuyar da kai na gaya mata abin da na yi.

Ta daɗe tana kallona. Sai dariya ta ƙwace mata, dariyar ta koma kuka, ta rufe fuska da mayafi. Da ta natsu ta ce, "Shi ya sa. Ranar ya ajiye waya ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Na tambaye shi, ya ce, 'Ba komai, yau dai Farfesa ya ci wake na gaske.'" Ta share ido. "Tokar fa? Ka zubar?"

Ban zubar ba, kuma ba don hikima ba, don ƙyuya. Kwalbar na gareji inda na bar ta. Na tankaɗe tokar da rariya a kan tsohuwar jarida. Ƙwaya bakwai suka rage.

Jiya na sayi fartanya, na yi kunya ɗaya karkatacciya a bayan gida. Bayana na ciwo, tafin hannuna ya yi bororo. Hajiya ta ce in jira sati uku tukuna, kuma kada in karanta komai a kai, ita za ta zo.

Allah ya jiƙan Malam Sanda, ya yafe masa kurakuransa kamar yadda ya yafe mini nawa ban ma sani ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba. Allah ya ba Hajiya Ramatu da 'ya'yansu da danginsa na Maraɗi haƙurin rashinsa, ya tsaya musu a ƙasar nan da ba tamu ba. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau. Kuma ya Ubangiji, cikin bakwai ɗin nan, ko ɗaya ce ta tsiro.