Waƙar Gora a Faifan Filofi

Ba yaƙi ne ke cinye al'umma ba, ba kuma fari ba. Ajiya ce ke cinye ta, wato a ɗauki abu mai daraja a sa shi inda aka tabbata ba zai ɓata ba. Na karanta tarihin dauloli da dama ban gane haka ba, sai da wani ɗan faifan roba mai kusurwa huɗu, wanda bai cika tafin hannuna ba, ya koya min.

A Durun na tashi, a gidan kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya. Bayan an kawo amfanin gona gida, idan aka idar da sallar isha'i, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta zube mana gyaɗa a tabarma. Tatsuniyar Iya ba kyauta ba ce. Kunne na ji, hannu na ɓara. Da hannun ɗayanmu ya tsaya, labari ya tsaya, ko da kura ta buɗe baki ne za ta cinye mutum. Ba ta kuma buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi.

"Baki ya tafi kiwo, kunne ya zo gida," in ji ta. Sannan ta harare ni. "Kai maigidan, gyaɗar da ke kumatunka ta sadakina ce?"

Wadda muka fi roƙo ita ce ta mai gora. Wata mata ce uwarta ta bar mata gora cike da irin gero, gero mai nuna kafin damina ta yi nisa. Ta liƙe bakin goran da laka, ta rataye a tsakar ɗaki. Duk shekara maƙwabta su ce ta shuka, ita kuma ta ce abin uwa ba a zuba shi a ƙasa. Da yunwa ta zo, gari ya taru a ƙofarta, har mai gari ya cire takalmi. A nan matar take ɗaga kai ta yi wa goran waƙa, kuma a nan Iya take sauke murya har sai mun matso. Ƙarshen labarin kuwa ya danganta da yadda Iya ta yini. Ran da take cikin nishaɗi, a fasa gora a sami iri, gari ya tsira. Ran da akuya ta shiga mata rumbu, a fasa a sami garin ƙwari. Waƙar ce kaɗai ba ta canzawa.

Na girma, na zama malamin makaranta a Kabo. A shekarun da aka fara kawo kwamfuta makarantu, tamu ta sami guda ɗaya, aka ajiye ta a ofishin shugaban makaranta, aka lulluɓe ta da zane kamar amarya. Ni aka ɗora wa buga takardu. Nan ilimi ya hau min kai. Na je Durun da littafin rubutu, na ce wa Iya zan ceci tatsuniyoyinta daga mantuwa. Ta ce ba ta san suna cikin ruwa ba. Da rana ta ƙi buɗe baki, don ba a tatsuniya da rana, sai na yi sati biyu ina zuwa bayan magariba, tana faɗa ina rubutawa, ni da gemuna ana sa ni ɓarar gyaɗa tsakanin shafi da shafi. Na buga su duka, na zuba su a faifan filofi, na rubuta a bayansa da jan biro: Tatsuniyoyin Iya. Na kai mata ta gani. Ta juya shi, ta shinshina.

"Duk surutuna yana cikin wannan?"

"Har abada, Iya."

"To Allah ya sa ba ya jin barci."

Littafin kuwa, daga baya na haɗa shi da tsofaffin takardu na ba mai ƙosan ƙofar makaranta.

Iya ta rasu da daɗewa. A cikin 'ya'yanta saura Gwaggo Hadiza, ƙanwar babana, wadda tun bara ba ta tashi daga kan gado. Watan jiya ta aika a kira ni. Bayan mun gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sai ta riƙe hannuna.

"Auwalu, waƙar nan ta gora. Kwana nawa tana yi min yawo a kai, ta fara ta tsaya. Gora, gora, ɗan uwata. Daga nan fa?"

Ni ma a nan ta tsaya min. Na tambayi 'yan'uwana da muka ɓare gyaɗar tare, kowa baitin farkon yake da shi.

"Ai kai ka ce ka sa ta a inji," in ji Gwaggo. "Je ka ɗauko min. Kada ka yi irin zuwanku na ma'aikata, ni ba jiran wata nake ba."

Faifan yana nan cikin akwatin takardun shaidata. Abin da zai karanta shi ne babu. Masu gyaran waya a Gwarzo suka yi ta miƙa wa juna shi, ɗaya ya tambaye ni ko madubi ne a ciki. Daga ƙarshe aka nuna min shagon Malam Sabo, tsohon mai gyaran rediyo wanda ya taɓa aiki a shagon buga takardu. Ya jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, ya zare na'urar da ake zura faifan, ya kwance murfinta. Zanzaro ya yi gini a ciki, ɗaki biyu.

"Malam, ka ga masu haya," in ji shi. "Sai mun ba su notis."

Kwana uku ina zuwa bayan an tashi daga makaranta. Ya kankare ginin da tsinke. Man da ke jikin ɗan ƙarfen da ke tura kan na'urar gaba da baya ya daskare kamar ƙaro, ya wanke shi ya sa sabo. Kan da ke karanta faifan ya goge shi da auduga da sifirit, a hankali, kamar mai wanke idon jariri. A rana ta biyu na miƙa masa faifan Iya, ya ture hannuna.

"Ba a koyon aski a kan ango. In kan nan ya karkace, zai karce maka shi, shi ke nan."

Ya fito da wasu tsofaffin faifai nasa, ya zuba musu 'yan rubuce-rubuce, ya cire, ya mayar, ya ga ko za su dawo yadda ya zuba su. Biyu suka ƙi, ya jefa su kwali. Na uku ya karɓa, ya kuma mayar da abin da aka ba shi. Ya ware wani mai kyau a gefe, ya ce da zarar nawa ya buɗe za mu kwafe shi a kai, don tsohon faifai wani lokaci sau ɗaya yake magana. Duk wannan lokacin wayata tana aljihu, kuma duk ƙarar da ta yi sai gabana ya faɗi, don daga Durun nake tsoron kira.

Rana ta uku da la'asar ya ce in yi bismilla. Na zura faifan. Na'urar ta yi gurnani, ta yi ƙas-ƙas, 'yar fitilarta ta kama. Abu ɗaya ne a ciki. Malam Sabo ya buɗe, ya matso da fuska, ya karanta a fili:

"Jarrabawar zango na biyu, aji biyu. Amsa tambayoyi huɗu kacal." Ya juyo. "Malam, kakar taka ce ta shirya wannan?"

Sunana ne a ƙasan takardar. A tsaye na tuna. Satin jarrabawa ne, shugaban makaranta yana tsaye a kaina, babu sabon faifai a duk Kabo. Na jawo wannan daga aljihun tebur, na goge shi tas, na ce ai littafin yana nan, zan sake bugawa in an yi hutu. Bayan shekara biyu ko uku na ba da littafin, na ce ai faifan yana nan. Malam Sabo ya yi ta laluben ko wani abu ya saura a ƙarƙashi har aka kira magariba. Bai sami ko harafi ba.

Washegari na tafi Durun. Na yi niyyar in ce faifan ne ya lalace, amma da na ga idon Gwaggo sai na faɗi yadda aka yi. Sai ta tambaye ni:

"Yaran sun ci jarrabawar?"

"Ban tuna ba, Gwaggo."

"Kai dai Auwalu." Ta juya fuska bango. Can na ji tana yi ƙasa-ƙasa, gora, gora, ɗan uwata, ta tsaya inda take tsayawa, ta sake farawa.

Shekara da shekaru ina ɗaukan labarin mai gora a matsayin gargaɗi ga marowata, har na sha kawo shi misali a aji. Yanzu nake ganin matar ba rowa ce ta dame ta ba. Ta yarda da gora ne, kuma tun ranar da ta liƙe bakinsa ta daina tunanin gero. Mu goma sha wani abu muka ji waƙar nan, sau ba adadi. Da na zaga dangi ina shelar cewa na adana ta, kowa ya sauke nasa kayan, ni ma na sauke nawa. 'Ya'yana huɗu, ban taɓa zaunar da ɗayansu na ba shi labarin ba, domin a ganina aikin an riga an gama shi. Gwaggo har yau tana tambayar duk tsohuwar da ta shigo duba ta, ko akwai wadda ta san baiti na biyu.

Na'urar kuwa ta gyaru sarai. Malam Sabo ya ce in ana rufe ta saboda zanzaro, za ta daɗe tana aiki.