Rabin Majigin da Na Kawo wa Auta

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun zube mini a hanya, har sunayen wasu abokan ajinmu sai na yi ta lalube kafin in tuna. Amma bazarar da baƙon dauro ya kama ƙanwata a Gummi, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. A farkon shekarun tamanin ne, ina ajin ƙarshe na firamare, ita kuwa ko haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba.

Mu biyu ne muka tsaya wa Inna a cikin haihuwarta, ita ce ƙarama, shi ya sa kowa Auta yake ce mata. Yarinya ce mai bakin tsiya, ni kuma ga saurin fushi, saboda haka kullum cikin musu muke. Babban musunmu kuwa a kan littafi da majigi ne. Malamin ajinmu yana da wani akwatin katako cike da littattafan hira da yake ara wa wanda ya ga dama, ni kuwa na zama ɗan gaban goshinsa. In na samu littafi sai in haye gindin bishiyar dogon yaron ƙofar gidanmu, a yi ta kirana cin tuwo ina cewa ga ni nan.

Ita Auta majigi ne ranta. A lokacin babu gidan kallo a unguwarmu, sai motar gwamnati da takan zo daga Sakkwato jefi-jefi. Da la'asar za ta zaga gari da lasifika tana shela, da an yi magariba a kafa sanduna biyu a filin makarantarmu, a ɗaure farin ƙyalle, a tada injin wuta, wani mutum ya riƙe makirfo yana bayyana abin da ake gani. Manya da ƙartin samari sukan cinye gaba, don haka Auta ta samo wa kanta wuri a bayan ƙyallen, inda hoton ke fitowa a juye. Takan dawo tana ba Inna labari wai a can baya kowa bahago ne, har liman da hagu yake gaisawa.

Ni dai raina abin nake yi. Nakan ce mata, "Majiginki inuwa ce a kan tsumma, a kashe inji ki ga abin da zai rage." Ita kuma ta murguɗa baki ta ce, "Naka fa? Tururuwa ce ta mutu a kan takarda, ko motsi ba ta yi." Yau in na tuna yadda nake hura hanci a gaban yarinyar da ba ta kai kafaɗata ba, sai dariya ta kama ni.

Ciwon ya fara kamar mura, sai zazzaɓi, sai ƙuraje suka feso mata tun daga bayan kunne. Abin da ya tada hankalin gidan shi ne idanunta. Suka kumbura, kwantsa ta liƙe su ruf, ko hasken ƙofa ba ta so. Gwaggonmu, yayar Baba, ta zo ta kafa doka irin ta da: kada a fitar da ita, kada ruwa ya taɓa ta, kada ma a ambaci sunan ciwon. Baba bai yi mata musu ba, amma da ta tafi sallar azahar sai ya hau kekensa ya ɗauko ma'aikaciyar asibitin garinmu, wata Kirista 'yar Zonkwa da duk gari ke kira Sista.

Ina laɓe a bakin ƙofa na ji abin da ta faɗa wa Inna. Ta ce a tafasa ruwa, in ya huce a riƙa goge idon da tsumma mai tsabta, a matsa maganin da ta kawo a ɗan bututu safe da rana da yamma, kuma lallai yarinyar ta ci abinci. Sannan ta rage murya ta ce, "Inna, in ba a yi haka ba, idon nan zai iya tafiya gaba ɗaya."

To fa, nan aka yi ta. Auta ta ce ba ta san zancen ba. Da tsumma ya taɓa fatar idon sai ta ƙwalla ƙara, ta yi ta shure-shure, har ta gantsara wa Inna cizo a hannu. Kunu kuwa ta datse haƙora, in an ɗura ta furzar. Baba ya gwada lallashi, ya gwada tsawa, duk a banza. Yarinyar da ba ta iya rufe baki ta koma shiru, ta juya fuska bango tana ta zubewa. Na ga Inna a bayan rumbu tana share hawaye da bakin zane, abin da ban taɓa gani ba.

Ana cikin haka, wata la'asar sai ga lasifikar motar majigi tana ratsa unguwa. Ina tsakar gida na ji wata 'yar murya daga ɗaki, "Yaya." Na shiga da sauri. Ta lalubo rigata ta riƙe, ta ce, "Ka tai ka kallo min. Amma ka zauna bayan ƙyalle, wurina." Da a ce lafiyarta lau, da na ce Allah ya kiyaye. Ranar kuwa ko takalmi ban tsaya nema ba.

Na zauna a bayan ƙyalle cikin 'yan mitsi-mitsin yara, ni da nake ganin kaina babba. Aka fara da labarin takin zamani, sannan aka sa na wata yarinya mai ɗan maraƙi. Tana kiwonsa a bakin gulbi, ruwa ya kawo, maraƙin ya zame ya faɗa, igiyar ruwa ta yi gaba da shi. Yarinyar ta kwance wani kwalekwale ta bi shi ita kaɗai. Ban san lokacin da na miƙe a kan gwiwa ba. Kwalekwalen ya kai tsakiyar ruwa ya fara juyawa da ita, sandar tuƙin ta suɓuce, sai injin wuta ya yi tari sau biyu ya mutu.

Filin ya ɗauki "Kaaai!" gaba ɗaya. Masu majigi suka yi ta jan igiyar inji, suka kwance wannan suka hura wancan, ƙarshe mai makirfo ya ɗaga murya ya ce a yi haƙuri, sai wani zuwan. Na taho gida ina ƙunƙuni, ina cewa ai dama na faɗa, inuwa ce a kan tsumma. Amma ga shi rabin labari zan kai wa yarinyar da ke jirana. Allah ya taimake ni na tarar barci ya ɗauke ta.

Da safe tun kafin in wanke fuska ta aiko a kira ni. Inna na zaune gefe da kwanon kunu, ta rasa yadda za ta yi. Na fara ba da labari irin yadda ake rubutawa a littafi, wai a wani gari an yi wata yarinya. Auta ta katse ni, "Wane irin zane ta ɗaura?" Na ce mai ruwan ganye. "Maraƙin fari ne ko ja? Ya yi ƙaho?" Ashe ita haka take kallo, ba ta barin komai ya wuce ta. Na yi ta tono abubuwan da ban ma san idona ya ɗauka ba, har muka iso inda kwalekwale ke juyawa. Nan kuwa nawa ya ƙare.

Ta ce, "Sai mi?" Na dubi Inna, na dubi kwanon da ke hannunta, sai kawai na ji bakina ya ce, "Sai kin sha kunu." Ta yi tsaki, ta kira ni mugu. Can ta buɗe baki. Inna ta kai ludayi, Auta ta sha, ta ƙara, ta ƙara. Ni kuwa yanzu dole in san yadda zan fid da yarinyar nan daga tsakiyar gulbi.

Haka na shiga ƙirƙira. Na ce wani reshen itace ya tare kwalekwalen, ta kama shi ta haye tsallake. Na ɗebo daga littattafan akwatin malam, na ɗebo daga Fulanin da muke gani a mashaya, na haɗa da masuntan garinmu. Kullum in ba Auta guntu, in tsaya a inda ya fi daɗi, sai ta ci wani abu in ci gaba. A aji malam na bayani, ni ina can ina neman inda maraƙi ya shiga. Wani lokaci in na zuba ƙarya ta yi yawa takan ce, "Wanga bai yi kama da majigi ba," sai in yi sauri in gyara.

Abinci dai ya fara shiga, saura ido, kuma shi ne abin tsoron. Sista ta sake zuwa ta duba, ta girgiza kai, ta ce lokaci na ƙurewa. Rannan da hantsi na ce yarinyar ta isa wata ruga, amma yashin gulbi ya cika mata ido, ba ta ganin sawun maraƙinta. Wata tsohuwar Bafulatana ta ce zo in wanke miki da ruwan ɗumi, da zafi kam, amma in ba haka ba maraƙi ya tafi ke nan. Auta ta ce, "Yaya, wayo kaka yi min." Na ce, "To shi ke nan, a bar maraƙin, kura ta cinye." Na yi kamar zan tashi. Ta damƙe wuyan hannuna ta ce, "Inna, kawo ruwan."

Ta yi kuka ranar, kuka mai cin rai, farcenta ya nutse a hannuna har ya yi jini. Inna na gogewa tana ambaton Allah, ni ina ta zuba labari da ƙarfi don in danne kukan, hawaye na bin fuskata, ina godiya da ba ta ganina. Daga ranar ba a sake fashin magani ba. Har Gwaggo, da ta yi fushi an karya mata doka, ta koma zama a bakin ƙofa da carbinta, wai iska take sha, alhali maraƙi take jira.

Wata safiya Inna ta gama gogewa sai fatar idon dama ta ɗaga, can ta hagu ta biyo. Auta ta ƙifta, ta ƙifta, ta juyo ta dube ni tsaf, ta ce, "Ashe kunnuwan nan naka suna nan yadda na bar su." Inna ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta faɗi ta yi sujada a kan tabarma. Idon dama ya fita garau. Na hagu ya tashi da ɗan farin tabo wanda har yau yana nan, ba ta gani da shi sosai. A ranar, a cikin labarin, na mayar da yarinyar gida da maraƙinta a gaba, aka yi mata guɗa.

Da shekara ta zagayo motar majigi ta dawo, kuma mai shela ya ce za a ƙarasa na yarinya mai maraƙi. Na san asirina zai tonu. Na ce kaina ke ciwo, na ce ina da karatu, Auta ta ja ni har bayan ƙyalle. Aka zo wurin kwalekwale, wannan karon inji bai mutu ba. Wasu mutane suka zo a wani jirgin suka tsamo yarinyar. Daga nan sai ga wani mai kaki a tsaye kusa da sabuwar gada, yana ta bayanin amfanin bin gada da damina, har aka kashe. Ba ruga, ba tsohuwa. Auta ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu ta ce da ƙarfi, "To ina maraƙin?" Mutane suka kwashe da dariya.

A hanyar gida na kasa haɗa ido da ita. Da muka kusa ƙofa na ce, "Auta, wancan da na ba ki..." Ta ce, "Na sani. Ai na ji sa'adda injin ya mutu, na ji ihun mutane. Gidanmu da filin nisan mi? Idona ka ciwo, ba kunnena ba." Na tsaya cak. Na ce, "To don me ba ki faɗa ba?" Ta ɗaga kai ta dube ni da idon nan mai tabo ta ce, "In na faɗi, ka daina zama wurina."

Yanzu tana Anka da jikokinta, ba fim ɗin da ke wuce ta, ni kuma har gobe littafi ne abokina. In mun haɗu musun nan na nan, ina cewa fim na yi wa mutum tunani ya bar shi zaune, tana cewa littafi na marasa abokin hira ne. Amma na daina raina abin da wani ke so tun daga waccan bazarar. Na ɗauka da labari na yi mata dabara ta warke, ashe ba labarin take jira ba, ni take jira. Abin da na koya ke nan: in naka na kwance, ko rabin labari gare ka, je ka zauna kusa da shi.