Wanda Muka Zaɓa Ya Fito a Mugu

Shagona a Anka ba wani shago ba ne na a zo a gani. Rumfar kwano ce, benci biyu, kwamfuta ɗaya mai zafi kamar kaskon waina, da janareta wanda sai an lallaɓa shi yake tashi. Sana'ata tura wa mutane fina-finai a waya, yawanci na ƙasashen waje da aka fassara da Hausa. A shekarun nan ba abin da samari suke so irin jaruman nan masu rufe fuska, masu tashi sama, waɗanda harsashi ba ya huda su. Ban taɓa tambayar kowa dalili ba. Mutumin da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa ba sai an tambaye shi abin da yake nema a irin wannan kallo ba.

A bakin rumfar akwai teburin abokina mai gyaran waya. Tare muka yi firamare. Bafulatani ne, dogo, siriri, fari, amma a tsakiyar gari aka haife shi, mahaifinsa malamin makaranta ne har Allah ya karɓi ransa. Shi kuwa ko akuya bai taɓa kiwo ba, tsoron saniya ma yake yi. Daga shi sai Innarsa a gida, kuma na sha furar tsohuwar nan fiye da yadda na sha ta gidanmu.

Yawan kallo ne ya sa muka ce mu ma bari mu yi namu. Tela ya ɗinka mana baƙar riga da mayafi daga tsohuwar rigar ruwa, wani mai wankin babura mai ƙirar ƙarfi ya rufe fuska ya zama jarumi, mai shayin layinmu ya fito a shugaban ɓarayin awaki. Da waya muka ɗauka, a bayan makaranta. Shirme ne tsagwaronsa, amma direbobi suka kai shi Bukkuyum da Gummi, sai ga mutanen da ban sani ba suna tsayawa a rumfata suna tambayar yaushe kashi na biyu zai fito.

To a nan gardama ta tashi, don jaruminmu ya tattara ya tafi haƙar zinari wajen Dareta, ko sallama bai yi ba. Wasu suka ce a je a dawo da shi. Wasu suka ce tunda fuska a rufe take, ko wa aka sa daidai ne. Wani ya ce ƙarya ne, ba fuska ake kallo ba, tafiyarsa ake kallo, wannan buɗa hannu kamar mai ƙurji a hammata. Wani direba ya zo da saƙon cewa 'yan Gummi sun rantse in ba shi ba ne ba za su kalla ba. Kai ka ce sarki za a naɗa. Mako biyu benci bai huta ba, ni kuwa daɗi nake ji, kaina ya kumbura.

Abu ɗaya ne kowa ya yarda da shi: mai shayi bai iya mugunta ba. Tumbinsa yana gaba, kuma tun kafin a kai masa naushi yake dariya. Suka ce a kashi na biyu ba sa son ɓarawon akuya, ɗan bindiga suke so na sosai, wanda in ya yi magana ciki zai ɗuri ruwa. Ana cikin haka direban nan ya nuna teburin abokina da leɓe.

“Ku dubi mugu zaune kuna ta nema. Wanga in anka naɗa mai rawani, wa ka cewa ba daga daji yah hito ba?”

Rumfa ta kaure da shewa. Abokina bai ɗago daga wayar da yake kwancewa ba. Sai da aka lafa ya ce a hankali, “Ku bar wasan ga. Kun san lokacin da muke ciki.”

Da a nan maganar ta mutu. Ni ne na hana ta mutuwa. Kwana bakwai ina bin sa, na ce masa matsoraci, na ce girman kai ne, na ce ashe abotar tamu ta fatar baki ce. Na ce kowa a garin nan ya san ɗan wane ne shi. Daga ƙarshe na ce gwaji kawai za mu yi, a wayata, in bai yi masa ba in goge a gabansa. Sai ya ce, “Don kai na yarda.” Wallahi har yau in na tuna yadda na yi tsalle, sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan la'asar muka fita bayan gari, mu biyar. Muka naɗa masa rawani, muka sa masa baƙin tabarau, muka rataya masa bindigar katako da kafinta ya sassaƙa aka shafe ta da baƙin mai. Ni na rubuta abin da zai faɗa: bana ba mai girbe ko zangarniya ɗaya sai da izininsa, wanda ya musa kuma ya tanadi likkafani. Ya gyara tsayuwa, ya karya harshe irin na wani kawunsa na ruga, ya faɗa ba tare da ɗaga murya ba. Wurin ya yi tsit. Sai rawanin ya zame ya rufe masa ido, ya fashe da dariya, mu ma muka fashe, tela har da faɗuwa ƙasa.

Ban goge ba. Na ce bari in nuna wa mutum biyu uku a rumfa don a kashe gardama. Suka ce an gama, ba a taɓa yin mugu irin wannan ba. Direban ya roƙe ni in tura masa ya nuna wa 'yan Gummi, na tura. Mutum ɗaya tak na tura wa.

Ranar kasuwa wani mai sayen hatsi daga Gwashi ya shigo rumfa, ya ja ni gefe, ya ce in zo in ga sabon bala'in da ya tunkaro mu. Ya kunna wayarsa. Abokina ne. An datse farkon, an datse zamewar rawanin da dariyar, saura maganar girbi da likkafani. A ƙarƙashi kuma ga muryar wani da ban sani ba, yana cewa wannan shi ne sabon shugaban daji, a cikin gari yake zaune yana fakewa da gyaran waya, ta wayoyin mutane yake sanin mai kuɗi da marar kuɗi. Taku uku ne tsakaninmu da teburin, abokina ya ba mu baya yana hura ƙura daga cikin wata waya. Na ce wa mutumin wasa ne, ni na ɗauka da hannuna. Ya dube ni sama da ƙasa, ya mai da wayarsa aljihu, ya fita bai yi sallama ba.

Daga ranar abubuwa suka fara canzawa, a hankali, ba hayaniya. Masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa. Wani ya zo ya karɓe wayarsa a kwance, bai jira an haɗa ba. A masallaci gaisuwa ta gajarce. Ranar Laraba da hantsi mutum biyu a kan babur suka tsaya a tsallaken titi, ba su kashe inji ba, suka yi ta kallon teburin, sannan suka wuce. Abokina bai ce mini komai ba, ko kalma ɗaya ta zargi. Da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ni da abokina muka ɗauki mai unguwa muka je wajen shugaban 'yan sa-kai na shiyyarmu, wani dattijo mai ƙarancin magana. Na kai masa bindigar katakon, na kunna masa ɗaukar tun daga farko har dariyar. Sau biyu ya kalla. Ya jujjuya katakon a hannunsa ya ajiye.

“Ni na yarda, na san ubanai,” in ji shi. “Yaran da ag gare ni cikin garin ga zan hwaɗa musu. Amma mai tsaron hanya wajen Bukkuyum ba ni na aje shi ba. Kuma na daji su ma suna da waya. Za su so su ji wa ya ba shi izinin magana da bakinsu.” Sai ya juyo gare ni. “Kai kuma, da kunka rasa wanda za ku naɗa ma rawani, mi ya sa sai shi?”

Ya ce shawararsa ita ce abokina ya ɗan ba garin baya, shi da tsohuwa, har ƙura ta lafa.

Na koma rumfa na yi ta tura cikakkiyar ɗaukar kyauta, duk wanda ya miƙo waya sai na cusa masa. Ba ta yi tafiya ba. Wa zai tura wa ɗan uwansa mutum yana dariya? Masu shewar nan kuwa kowa ya zame, wannan ya ce shi ranar ba ya nan, wancan ya ce shi da ma mai shayi ya zaɓa. Direban ya canza hanya. Abin da ya fi ƙona mini rai, wani ya zo ya zauna a bencina yana tambaya wai to yanzu wa zai sa baƙar rigar. Na ɗaga bencin da shi a kai. Tir da ni, tir da su.

Da safe na raka abokina da Innarsa tasha. Abokina ya aske gemu, ya ja hula har gira. Suna shiga motar Sakkwato wata mata ta ƙura masa ido, ta taɓa ta kusa da ita, suka sauka da kayansu. Wani dattijo ya bi su. Direban motar ya zo yana sosa ƙeya, ya ce don Allah a yi masa haƙuri, iyali gare shi. Muka sauke jakunkuna muka koma gindin bishiyar bedi. Mota biyu suka cika suka tashi a gabanmu. Sai wajen azahar wani mai babbar mota, tsohon ɗalibin mahaifinsa, ya ce su zo su zauna a gaba.

Abokina ya hau yana karɓar kaya. Inna ta tsaya, ta riƙe mini hannun riga.

“Ɗana, ni ban gani ba, ba ni da irin wayarku. An ce kai ka ɗauka.” Na ce ni ne, Inna. Ta ce, “To hwaɗa min gaskiya. Kai da ka san shi tun kuna tahiya makaranta ba takalmi, da yay yi maganar nan, ka ji tsoronai?”

Na buɗe baki in ce a'a. Amma na ji. Ranar a bayan gari, wayar tana hannuna, na san katako ne a kafaɗarsa, na san ni na rubuta kalmomin, duk da haka sai da tsikar jikina ta tashi, na ji ƙafata tana neman ja da baya. Bakina ya tsaya a buɗe.

Ta saki rigata, ta ce, “To.” Ta miƙa wa ɗanta hannu ya ja ta sama, ta gyara mayafi, ta ce wa direba su tafi.