Ranar da Na Buga wa Jitata Ƙusa

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta da su, amma yammacin da na ɗauki dutse na buga wa jitata ƙusa a gaban jama'a, a wani ƙauye da ke bayan Ajingi, ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Ni kafinta ne a Gaya, da aikin katako nake ciyar da iyalina. Kiɗa kuwa abin da zuciyata ke so ne tun ina saurayi. Muna da 'yar ƙungiya da ake gayyata bukukuwa: mai fiyano, wanda shi ne shugabanmu muke ce masa Oga, da mai ganga, da mawaƙi, sai ni da jitar lantarki. Jitar nan a kasuwa na saye ta a Kano, a wani shago da ake sayar da rediyo da tocila, kuma ita ce mafi araha a cikin waɗanda aka rataye. Ja ce, 'yar China, ba ta da nauyi ko kaɗan. In rana ta yi zafi tsirkiyarta ta saki, sai na yi ta ɗaurewa. Babban laifinta kuma shi ne ba ta da sirri. Ko maɓallin rigata ya taɓa jikinta sai an ji ƙwas a sifika, kuma wannan ƙwas ɗin ya daɗe yana ci wa Oga rai.

Bayan kaka, an gama cire gyaɗa, sai aka gayyace mu naɗin wani dattijo sarkin noman ƙauyensu. 'Ya'yansa ne suka nemi mu je mu yi wa matasa wasa bayan an gama naɗi. Oga ya same ni a shago ina goge ƙofa, ya ce ya gayyato wani makaɗi daga Kano mai jita ta gaske, ni in zo in riƙa bi daga baya. Ya ƙara da cewa daga wannan fita, ko in nemo jita ta mutunci ko in zauna a gida, don ya gaji da jin kunya. Ni kuma ba ni da haƙuri, na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Amma da ya tafi jikina ya yi sanyi, don na san mai iyali irina ba shi da halin sayen babbar jita. Ke nan wannan shi ne wasana na ƙarshe da su.

Ranar na cusa jitata a buhu na ɗaure a bayan babur. Mutumin Kano kuwa a mota ya zo, tasa tana kwance cikin baƙin akwati mai laushin ciki, ya fito da ita yana gogewa da ƙyalle. Wallahi na so in tsane shi, amma bai ba ni dama ba. Shi ya fara miƙo mini hannu, ya tambayi iyali, ya ce ya ji labarina. Da ya taɓa tsirkiya kuma sai na sallama, don gaskiya ɗaya ce: sautin tas yake fita, babu ƙura babu tsaki, kuma hannun mutumin ya san aikinsa.

Bayan la'asar aka tayar da janareto, muka fara a gindin wata babbar darbejiya. Oga ya rage muryar jitata a sifika har ni kaina ba na jin abin da nake kaɗawa. Ina tsaye ina motsa yatsu kamar mai tsince shinkafa, raina yana ƙuna. Matasa suna ta rawa, ƙura ta tashi, amma mai gayya, sabon sarkin noma, yana zaune a kujera da sabon rawaninsa ko kai bai gyaɗa ba.

Can sai babban ɗansa ya zo ya raɗa wa Oga cewa Baba yana so a yi masa taken mahaifinsa. Ashe mahaifin nasa mafarauci ne, kuma akwai wani mai garaya da yake kaɗa masa takensa in za su shiga dawa. Mai garayar ya rasu da daɗewa, tun daga nan babu wanda ya sake jin taken a garin. Na ga gumi ya keto wa Oga, don ya san in mai biki ya tashi bai ji daɗi ba, kafin ranar kasuwar Ajingi labari ya zaga ko'ina.

Aka kashe kiɗa, dattijon ya rera taken da bakinsa a hankali. Mutumin Kano ya saurara sau ɗaya ya ɗauke shi cif, bai kuskure ko'ina ba. Ni da kaina na ce a raina shi ke nan, an gama da ni. Amma dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Hanyar ce, ɗana," in ji shi. "Amma ba ta kira sunan Baba ba."

 Sai yayarsa, wata tsohuwa da ke zaune a cikin mata, ta ɗaga murya ta yi mana bayani. Ta ce garayar marigayin tana da wani ƙarfe mai zobba a kanta, in an kaɗa sai ya riƙa kacau-kacau tare da tsirkiya. A wurinsu wannan ƙarar ita ce bakin garaya, ita ke faɗin sunan mutum. In babu ita, kiɗa ne kawai aka yi, ba a kira kowa ba.

Oga ya ciro makullan motarsa aka ɗaura a kan jitar mutumin Kano da zare. Ya kaɗa, makullai suna motsi, amma ko alamarsu ba ta fito a sifika ba. An ƙera jitar ne ta ƙi jin komai sai tsirkiya, abin da ya sa take da tsada ke nan. Mai ganga ya ce sai dai a kafa ƙarfen a jikinta sosai, kusa da maganaɗisun da ke ɗaukar sauti. Mutumin Kano ya rungume abarsa ya ce gara a ce ya koma gida, ba zai iya huda ta ba. Babu wanda ya ga laifinsa, ni ma da tawa ce haka zan yi. Sai ya juyo ya dube ni.

"Malam, taka fa tana jin komai. Ɗazu da muna gwada sifika na ji maɓallin rigarka."

Kafinta ba ya rasa ƙusa a aljihu. Marafan lemo kuwa ga su nan zube a ƙasa, an sha an zubar. Na tsinci wasu na daddaka su da dutse suka baje, na huda tsakiyarsu, na zura su a ƙusa. Da na ɗora bakin ƙusar a kan jan fentin nan sai hannuna ya tsaya. Araha ce, na sani, amma ita kaɗai gare ni, kuma katakonta ba shi da ƙwari, yana iya tsagewa gida biyu. Sai na tuna cewa in ban yi ba, daga gobe a bango za ta rataya har ta ruɓe. Na yi bisimilla na buga. Fenti ya ɓare, katako ya karɓi ƙusa lafiya lau. Na ƙara wata a gefenta, na bar marafan da ɗan sako-sako yadda za su yi rawa.

Ban nemi izinin Oga ba, na je na murɗa muryar jitata a sifika da hannuna. Na bar sauran tsirkiyoyin na kama biyu kawai, ina bugawa da babban yatsa yadda na ga masu garaya suna yi. Abin da ya fito daga sifikar nan ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Sauti ne mai kaushi, mai tsatsa, marafan suna amsa kowane bugu kamar mutum yana magana da dasasshiyar murya.

Ban kai ƙarshen zagayen farko ba dattijon ya miƙe. Mutumin da aka taimaka wa ya zauna ɗazu, shi ne ya ɗaga sandarsa sama ya shigo fili yana takawa, yana kiran sunan mahaifinsa, hawaye yana zuba a kan sabon rawani. Yayarsa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. Tsofaffin da suka wuni a tabarma suna kallon matasa a yatsine duk suka tashi. Ana cikin haka tsirkiyata ɗaya ta saki, halinta dai. Kafin hankalina ya tashi mutumin Kano ya shigo da sauti mai kauri daga ƙasa ya riƙe mini taken har na ɗaure, daga nan muka tafi tare, shi yana shimfiɗa ni ina magana a kai. Ban taɓa jin daɗin kiɗa irin na wannan yammacin ba.

Da muka tsaya dattijon ya zo ya dafa kaina, yana haki. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yau na ji an kira Baba." Na durƙusa a gabansa.

Muna naɗe wayoyi gab da magariba Oga ya matso, bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce akwai biki a Kademi sati mai zuwa, in zo da wuri, kuma kada in kuskura in cire ƙusoshin nan. Na tambaye shi ko ba zai ji kunya ba. Ya ce in rufe masa baki, duk muka kwashe da dariya, har da mutumin Kano.

Har yau ba na musun cewa jita mai tsada ta fi tawa sauti da ƙarko, duk wanda ya ce ba haka ba bai taɓa riƙe ta ba ne. Amma ranar na gane cewa abin hannunka mai araha yana da wata daraja da ba a rubuta ta a jikin kaya: ba ka tsoronsa. Kana iya huda shi, ka lanƙwasa shi, ka mai da shi abin da mutanen gabanka suke bukata. Tun daga lokacin na daina sunkuyar da kai saboda abin da ƙarfina ya iya saya mini.