Shekarar da Gayya Ta Fara Daga Gonata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da kakar da aka juya gayyar yankan shinkafa saboda ni ba.

A ƙauyenmu, can yankin Bagudo wajen iyakar Benin, al'ada ce gayya ta fara daga gonar babba ta gangaro kan ƙarami. Ni ne autan gidanmu, kuma don ƙarin tsiya gonata ce a can ƙasan fadama, bakin kogin Kwara. Ta baffanmu, wanda ake farawa da shi, tana kan tudu, inda ruwa bai taɓa leƙawa ba.

A shekarar ne gwamnati ta ce awon ruwan kogi da ma'aikatanta ke yi a daina kulle shi a ofis, a sake shi kowa ya gani. Ina cikin latsa waya na ci karo da shi: ruwa na hauhawa daga can saman kogi, yana tafe. Abincin iyalina na shekara yana tsaye a fadamar nan, kuma kafin layi ya zo kaina sai dai in yi yanka a kwalekwale.

Na samu Baffa yana wasa lauje. Na durƙusa, na nuna masa.

Yayana, da ke zaune a gefe, ya tuntsire da dariya. "Auta ke nan! Wayarka ce za ta tsallake da kai gaban Baffa?"

Wallahi raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Baffa ya ajiye laujen, ya ce, "Tun ina saurayi nike ganin suna auna kogin ga, ba su taɓa gaya muna abin da sunka gani ba. Yau sun faɗi, mu toshe kunne? Gobe a fara da ta auta."

Haka aka yi. Muka bi gonaki daga ƙasa zuwa sama. Ranar da muka kwashe damin ƙarshe a ta yayana, ruwa na lasar idon sawunmu, shi kuwa mai dariyar ya fi kowa sauri. Ta Baffa aka yanke a ƙarshe, ko ƙwaya ba ta jiƙe ba.

Har yau in na tuna, daɗi nake ji. Na koyi cewa abin da gwamnati ta sani game da koginmu namu ne, kuma ba ya tsare wa kowa shinkafa sai ya iso kunnen mai gona.