Inabin Baba da Bargon Umma

Duk wanda ya ga hotona a gonar inabi ya ce shan giya na je, ya yi kuskure. Har da masu kiran Umma a waya suna yi mata jaje. Ko ɗanɗanawa ban yi ba. Tambaya ce ta kai ni.

Akwai itacen inabi a bayan gidanmu a unguwar Gorton ta Manchester, Baba ya dasa shi kafin ya rasu. Ganye kam ba a magana, amma bai taɓa yin 'ya'ya ba. Yayana ya ce bana zai sare shi ya gina ɗakin ajiya a wurin. Na ce sai dai ya fara da ni.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da wata ƙawata mai karatun noma da ke zaune a unguwar Fallowfield. Motarta tsohuwa ce, na'urar ɗumama ciki ba ta aiki, kuma tuƙinta kamar ta ɗauko ƙwai. Yayyafi yake ta yi, tumaki a filaye sun yi tsaye cikin hazo kamar an manta da su. A Birmingham muka tsaya karyawa a shagon wasu 'yan Pakistan: shayi mai kauri da gurasa mai mai. Na ƙona harshe don gaggawa.

Gonar tana bayan gari, a jikin wani tudu. Layukan inabi suna gangarawa har su ɓace cikin hazo, ba ka jin komai sai ɗigar raɓa daga ganye. Mai gonar tsohuwar Baturiya ce, takalminta duk taɓo. Ta nuna mana irin da take nomawa, pinot noir, ƙanana baƙaƙe masu siririyar fata, waɗanda ke nuna a hankali cikin sanyi. Ta ce idan ta matse su kusan ba ta ƙara komai, ta zuba a ganga ta jira ya zama giya. Na ce mata wannan ɓangaren ba nawa ba ne. Ta yi dariya ta tsinko min nono guda.

Na sa ɗaya a baki. Sanyi ƙalau, da ɗan tsami kamar zoɓon da ba a cika wa sukari ba, zaƙin sai daga baya ya biyo. Sai kawai na ga Baba tsugune a bayan gida da jallabiyarsa da hular sanyi, yana danna ƙasa da tafin hannu.

Na nuna mata hoton namu itacen a waya. Ta matso da fuska.

"Wa ya lulluɓe shi da bargo?"

Na ce mu ne. Da zarar sanyi ya shigo muke naɗe shi, mu ɗora leda. Ruwa safe da yamma, yadda muke yi wa mangwaronmu a Kano. Taki kuwa duk wata.

"A Manchester kuke ba shi ruwa?" Ta kalli sama, ta kalle ni. Ta ce inabi sai ya sha sanyi yake samun barci, kuma wanda aka cika wa ciki ganye kawai zai yi ta yi. A tsakiyar hunturu in yanke yawancin rassan, sannan in ƙyale shi.

Wai duk wannan tafiyar, abin da za a ce min ke nan: ki daina. A hanyar dawowa na gane shi ne abin da ya fi min wuya.

Da na faɗa a gida, Yaya ya ce, "Wato har Birmingham kika je a ce miki ki sare, abin da na ce tun farko."

"Aski aka ce, Yaya, ba yanka ba. Ka ba ni zuwa kaka mai zuwa."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ya ji.

Sai da ya fita Umma ta yi magana. Ta ce, "Babanku ba ya son sanyi, shi ya sa nake rufe shi." Washegari na leƙa ta taga na ga ta kwance bargon da kanta, ta shanya shi a igiya.

Na sayi almakashin lambu. Idan sanyi ya kai maƙura zan yi masa aski, sannan in zuba hannuwana a aljihu in jira.